Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Daga Malamin Gona, Kanya Babba

Manoma 'yan'uwana, a wannan mako zan ajiye zancen taki da iri, in yi magana a kan rijiya. Na san wani zai ce ina ruwan malamin gona da rijiya, ai wannan aikin duba-gari ne. To, ga ruwana a ciki. Kadan magidanci ya kwanta kwana shida da gudawa a tsakiyar damina, sa'ad da ciyawa ke tsere da gero, gonarsa ba za ta jira shi ba. Na ga gonar da aka ba ta taki sosai, aka shuka iri mai kyau a kan kari, amma ba ta yi rabin abin da a ke zato ba, don kurum mutanen gidan sun sha mugun ruwa a watan Yuli. Saboda haka ni a wurina rijiya ma kayan noma ce, kamar garma da fartanya.

Amma bari in fara da jirgi, za ku ga dalili.

Kwanakin baya aiki ya kai ni Kazaure, da la'asar na gangara bakin dam ɗin Muhammadu Ayuba in sha iska. Na tarad da wani dattijo masunci ya jawo kwale-kwalensa kan tudu ya karkata shi, yana ta dirzar cikinsa da yashi da sabulu kamar mai wankin akushi. Na yi sallama muka gaisa, na tambaye shi ko lafiya. Ya ce jikansa ne da ke taya shi tuƙi cikinsa ya ɓaci suna tsakiyar ruwa, kafin su kawo gaci ya ɓata jirgin, abin ya gauraya da ruwan nan da ke kwanciya a gindin jirgi. Na ce, "Baba, ai da ka kwarfe ka watsa sabon ruwa ya isa." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, kwarfewa abin da ido ya gani ta ke kwashewa. Wanda katako ya sha fa? A nan na ke zube kifin da za ka saya gobe."

Na zauna na ga yadda ya bi aikin. Kafin ya taɓa sabulu sai da ya nemi kafar da ruwa ke shiga ya cusa tsumma ya liƙe da kwalta, gama in ji shi wanda ke kwarfe jirgi bai toshe kafa ba da kogi ya ke faɗa. Ruwan da ya kwarfe bai mai da shi cikin dam inda mata ke ɗiba ba, ya tona rami can nesa ya zuba ya rufe. Ya dirje, ya ɗauraye, ya ce zai bar shi kwana biyu rana ta doke shi, ko da ya ke kwana biyu ke nan babu kamu babu ciniki. Manyan jiragen ruwa da ke tsayawa a Ikko su ma suna da irin wannan gindi a ƙarƙashin daɓensu, inda duk ruwan da ya tsiyaya ke taruwa. In bututun bayan-gida ya fashe ya zuba a ciki, hanyar da ma'aikatan jirgi ke bi ita ce ta dattijon nan, sai dai su ba wanda ke sauka ciki sai an hura iska an kori tururin da ya taru.

Ina kan babur zan koma gida ina ta juya maganarsa, don ta tuna mini da wata rijiya. Abin da gindin jirgi ya ke ga masunci, shi ne rijiya ga unguwa. Ita ce wuri mafi zurfi, kome aka zubar a sama kuwa ƙasa ya ke nema.

A daminar 2022, wadda ambaliya ta yi wa Jihar Jigawa ɓarna mai yawa, an kwana ana ruwa a wani ƙauye da ke cikin zagayena a ƙasar Babura, ba zan faɗi sunansa ba. Gari na wayewa aka ga salgar wani gida ta rufta, ta cika ta tumbatsa. Tsakaninta da rijiyar unguwa taku tara ne, katanga kaɗai ta raba su. Kafin azahar ruwan rijiya ya sāke, yana wari. Mutanen ba su yi sakaci ba, in faɗi gaskiya. Aka yi shela, samari suka fito da guga da igiya, aka yi gayya aka yashe ta wuni guda. Kashegari ruwa ya kawo, ya kwanta garau. Aka yi hamdala aka ci gaba da sha. Bayan kwana tara na je duba gonar gwaji ta wake, na tarar gida biyar duk da majinyata, an kai yara biyu asibiti an ɗaura musu ruwa. Ciyawar da muka shirya cirewa ko taɓa ta ba a yi ba.

Me ya faru, ga shi kuwa an yashe? An kwarfe jirgi ba a toshe kafa ba. Salgar tana nan cike a bayan katanga, tana tsatsafowa ta ramin ɓera da saiwar itace. Ba a dirji bangon rijiya ba. Gugan da aka yashe ƙazanta da shi, da shi aka ci gaba da ja, igiya kuwa a taɓo ta ke kwana. Randunan da aka cika ran da abin ya faru ba a wanke su ba, an dai ƙara sabon ruwa a kan tsoho. Magani kuwa ko ɗigo ba a sa ba.

Kuskuren da ya fi yi mana illa shi ne mu ɗauka ruwan da ya yi garau ya tsarkaka daga cuta. Malamanmu sun karantar da mu hukuncin ruwan da najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa, wannan fagensu ne, ba ni da ta cewa a ciki. Amma zancen lafiyar ciki dabam ne. Ƙwayoyin da ke kawo kwalara, watau amai da gudawa, da taifot, da atuni, da wata irin shawara, ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jinsu, harshe ba ya ɗanɗanarsu. Cokali guda na gudawar mai kwalara yana ɗauke da su miliyoyi. Alif, wanda wasu ke kira alam, da garin 'ya'yan zogale, suna kwantar da laka ruwa ya yi haske, suna kuma rage ƙazanta, amma ba su kashe cuta.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ruɗawa ba. A shekarar 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan ta ƙasar Ingila, ta kashe mutum fiye da 600. Turawan lokacin sun ɗauka wari ne ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambaya ina mamatan ke ɗiban ruwa, ya tarar kusan dukansu famfo guda su ke sha, na titin Broad Street, wanda mutane ke yabon daɗin ruwansa. Ya roƙi hukuma aka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona, aka sami ramin bayan-gida bai kai taku biyu daga rijiyar ba, a cikinsa kuwa aka riƙa zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa. Ku duba, ruwan da aka fi yabo shi ya yi kisan.

A ƙasarmu kwalara ta shigo a ƙarshen 1970, ta bazu a 1971, tun daga nan ba ta bar mu ba. A 2021 an lissafta mutum fiye da 100,000 da ta kama a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma fiye da rabin masu cutar daga jihohi huɗu su ke, watau Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara. Duk wanda ke wannan yanki ya san gidan da aka yi zaman makoki a wannan shekara.

Yanzu ta ina ƙazantar salga ke isa rijiya? Wannan ya danganta da ƙasar wuri, kuma a nan ne aikina ya ɗan ba ni ido. A wajenmu na Kanya Babba da Babura rairayi ne. Rairayi busasshe mai kauri yana tace ruwa da kyau, saboda haka a rijiya mai zurfi ba ta can ƙasa ɓarna ta fi shiga ba, ta baki ta ke shiga, da ta ƙafa goman farko na bango, inda ba a ɗaure da siminti ba. Amma rairayi ba ya riƙe kansa, shi ya sa salga ke ruftawa da marka. A fadama kuwa, inda ruwa ke kusa, ruwan ƙasa ya kan taso da damina har ya tad da gindin salga, daga nan salga da kwakware sun zama randa guda. A ƙasar duwatsu kamar Kazaure da Roni da Gwiwa abin ya fi wuyar ganewa, gama dutse yana da tsaga, ruwa kuwa in ya sami tsaga ya kan yi tafiya mai nisa ba abin da ya tace shi. Mutum ya ga rijiyarsa cikin dutse ya ce ai wannan ba abin da zai shige ta, alhali kuwa ita ta fi bukatar nisa. Ƙa'idar da masu aikin ruwa ke bi ita ce mita 30 tsakanin salga da rijiya, watau ƙafa 100, ko taku 40 na babban mutum, salga kuma ta kasance ta gangare. Gindin ramin ya tsaya aƙalla ƙafa 5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina.

To, in abin ya riga ya faru fa? Ga yadda na ga ya kamata a bi, kuma haka muka bi a ƙauyen nan karo na biyu, tare da malamin tsabta na ƙaramar hukuma.

Abu na fari a rufe rijiyar, a ɗauke guga, mai unguwa ya sa a yi shela. Kada a ce a bar ta don wanki da wanke-wanke, gama kwanon da aka wanke da ita a cikinsa za a ci tuwo. A nemi ruwa a burtsatse ko a wata unguwa, wanda bai samu ba ya tafasa har ya ɓararraka. Sa'an nan a koma kan salga kafin a taɓa rijiya. A daina shigarta. In tana manne da rijiya a kira masu yasar salga su kwashe, a kai can bayan gari nesa da kududdufi a binne, a cika ramin da jar ƙasa ana daɓewa. In tana da ɗan nisa a zuba toka mai yawa, a rufe da ƙasa a yi mata tudu don kada ruwan sama ya kwanta a kai. Ƙasar da ta jiƙe tsakaninta da rijiya a kankare ta, a toshe duk ramin ɓera da na gara.

Sai yasa. A nan zan daɗe, don a nan a ke rasa rai. Kowace shekara mu kan ji labarin mutum ya shiga rijiya ko salga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi bai fito ba, na uku ma haka, sai a ce rijiyar tana da iskoki. Iska ce kam, amma ba irin wadda a ke nufi ba. Ƙazanta in tana ruɓewa a wuri mai zurfi tana cinye iskar da mu ke shaƙa, tana fid da wata mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin ya ɗauka ta tafi, alhali a lokacin ta fi ƙarfi. Mai ƙarfi da rago duk ɗaya ne a wurinta, numfashi kaɗan ne mutum ya faɗi.

Saboda haka a fara jan ruwan daga sama, ba wanda zai sauka sai an kai ga laka. A buɗe bakin rijiya gaba ɗaya ta sha iska. A ɗaure babban reshe mai ganye, na darbejiya ya yi, a riƙa zura shi ana jawowa da sauri sau da yawa don ya motsa iskar ciki. Masu haƙar rijiya na dā su kan zura fitila mai wuta, in ta mutu ba su shiga. Dabara ce mai kyau, amma ku sani rabin labari ta ke bayarwa: fitila na iya ci alhali mai warin ƙwai tana nan. A ramin salga kuwa kada a kuskura a zura wuta ko a jefa guntun taba, don tururinta yana kamawa. Mai sauka a ɗaura masa igiya ta biyu a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, maza uku su riƙe ba su da wani aiki sai shi, suna yi masa magana yana amsawa. Ya ji jiri ko ya yi shiru, a jawo shi nan take. Wanda ba shi da igiya a jiki ba ya bin wani ciki, ko da ɗansa ne. Magana ce mai ɗaci, amma igiya ce ke fito da mutum.

Ga kuma wani sabon haɗari da kakanninmu ba su sani ba. Yau kusan kowane mai lambu yana da injin ban-ruwa, kuma yana sauƙaƙa yasa ƙwarai. Amma da ya ke ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce kamar ƙafa 25, sai ka ga an ɗaure shi da igiya an zura shi cikin rijiya yana aiki. Hayaƙin fetur a cikin rami guba ne marar wari, yana nan kwance ko bayan an kashe injin. Inji ya tsaya a waje, nesa da baki, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin. In tiyo bai kai ba, a koma ga guga.

Mai yasa ya sa takalmin roba da safar hannu, wanda ke da gyambo ko tsagewar ƙafa kada ya shiga. A kwashe laka duka har a tad da ƙasa mai tsabta, a dirje bango da tsintsiyar kwakwa ko buroshi tun daga sama har ƙasa. Lakar nan da ruwan farko kada a zuba su a bakin rijiya su koma inda su ka fito, kada kuma a kai su lambun latas ko tumatir da sunan taki. A tona rami nesa a binne, kamar yadda masuncin nan ya yi. In an sami tsaga a bango a liƙe da siminti tun mutum yana ciki.

Bayan kowa ya fito, ruwa ya kawo ya kwanta, sai magani. A ruwa mai laka kulorin ba ya aiki sosai, laka ce ke cinye shi, don haka a jira ya yi haske. Hodar kulorin mai ƙarfi, irin wadda aka rubuta 65 ko 70 bisa ɗari a jikin mazubinta, a ke so. A auna giram 300, watau kamar cokalin cin abinci ashirin a cike, a dama a bokiti mai lita 20. Rabin bokitin nan shi ne na ruwa lita 1,000, watau duro biyar. Akawuna da 'yan kasuwa masu son lissafi ga misali: rijiya mai faɗin mita ɗaya, kowace mita ta zurfin ruwa tana ɗauke da lita 785, kusan duro huɗu. In ruwan ya kai mita biyu da rabi, duro goma ke nan, sai a juye bokitin duka. A auna zurfin ruwa da igiya da dutse, kada a yi kirdado. Inda ba a sami hoda ba, ruwan bilic na wanki marar turare, mai 3.5 bisa ɗari, ya kan yi, amma sai an sa kamar lita uku ga kowane duro biyar. A dama wani bokiti dabam a kwarara shi a jikin bango daga sama, a wanke baki da daɓe da murfi. A zura guga a yi ta dama ruwan, a bar guga da igiya su jiƙa a ciki, a rufe ta kwana. Daga nan ba mai sauka ciki kuma. Da safe a yi ta ja ana zubarwa har warin maganin ya rage kaɗan. Ruwan nan mai ƙarfi yana ƙona shuka yana kashe kifi, a san inda za a zuba shi.

Gargaɗi ga manoma musamman: kada a ajiye hodar kulorin a ɗaki guda da takin zamani ko fetur ko maganin feshi, kada kuma a gauraya ta da wani abin wanki. Tana iya tad da wuta ko tururi mai shaƙe mutum.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne maganin nan wanka guda ya ke yi wa rijiya. Bayan kwana kaɗan ya tafi, sabon ruwa ya shigo daga ƙasa, in ƙasar ba ta gama tsarkaka ba ga cuta ta dawo. Don haka a wanke randuna da tuluna da jarkokin 'yan garuwa, a ci gaba da tafasa na sha ko sa ƙwayar maganin ruwa yadda aka rubuta a takardarta har damina ta wuce. Akwai 'yar kwalbar gwaji da a ke zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ya yi baƙi akwai ƙazanta, ku tambayi malaman tsabta. In an gwada an sāke gwadawa yana baƙi, to, a haƙura. Akwai rijiyar da ba ta gyaruwa, sai a bar ta don kwaɓa ƙasar gini. Wanda kuma gudawa ta kama, a dama cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda ta tafasasshen ruwa, a yi ta ba shi ana hanyar asibiti.

Duk wannan aikin hannu ne, kowa zai iya. Mai wuyar shi ne na baki. A ƙauyen da na ba ku labari kowa ya san salgar ce, tun ran farko. Amma mai gidan dattijo ne, surukin rabin unguwa, wa zai tsaya gabansa ya ce Baba, masanka ne ke kwantar mana da yara? Sai aka zaɓi a yi wuni ana jan guga da a faɗi kalma guda. Ni ban ga laifin kunya ba, da ita mu ke zaune lafiya. Amma ra'ayina shi ne a ɗauke wannan nauyi daga kan maƙwabci a ɗora wa sarauta. Mai unguwa ya sa doka, da yardar dagaci da hakimi, cewa ba mai haƙa salga ko rijiya sai an zo an taka an ƙirga taku arba'in, kamar yadda ba mai ja da iyakar gona sai an kira dattawa. In doka ta kowa ce ba wanda aka ci wa fuska. Kuma inda tsohuwar salga ta riga ta yi kusa, tun da ruwan na kowa ne, kuɗin ma na kowa ne. A yi gayya a haƙa wa mai gida sabuwa tukuna, kāna a rufe tsohuwar. Ba daidai ba ne a ce wa talaka ya rufe masansa da damina ba a nuna masa inda iyalinsa za su zaga ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce gidajen cikin gari ƙanana ne, ina a ke samun taku arba'in? Gaskiya ne, a tsakiyar Kazaure ko Babura da wuya. Amma amsar ba ita ce kowane gida ya haƙa rijiyarsa kusa da salgar maƙwabcinsa ba. Rijiya guda ta unguwa a fili, mai kwalbati, mai baki da ya kai ƙugu, da daɓen siminti kewaye, da magudana, da murfi, da guga guda a rataye, da kwamin shayar da dabbobi can gefe, ta fi rijiya goma na cikin gida. Za a ce kakanninmu sun sha ba abin da ya same su. Kakanninmu ba su kai mu yawa ba, ba su cika salga kamar mu ba, kuma sun binne yara da yawa ba su san dalili ba. Kurkunu ma an daɗe ana cewa ƙaddara ce, da aka gyara ruwan sha sai ga shi a 2013 an tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Za a ce ai yanzu akwai burtsatse. Akwai, amma ran da famfo ya lalace ko injin hasken rana ya tsaya, ina mata ke nufa da tulu? Tsohuwar rijiyar nan da aka bari ba murfi.

A watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan-gida a fili. Abin alfahari ne, na kuma yi murna. Amma ma'anarsa an haƙa ramuka masu ɗimbin yawa cikin 'yan shekaru, kuma a zagayena ba kowanne aka taka aka auna ba. Har yanzu ina jin masu haƙa suna fahariya wai sun zurfafa salga har ta tad da ruwa, ba za ta taɓa cika ba. Ba ta cika ne don unguwa na shanye ta. Mafi muni kuma shi ne mai da tsohuwar rijiya salga ko juji, wannan kam kamar a ɗura ƙazanta ne kai tsaye cikin ruwan kowa. Salga gajeriya, wadda aka ɗaure bakinta don kada ta rufta, ita ce ta manomi. In ta cika a rufe a haƙa wata, bayan shekara biyu abin da ke ciki ya zama baƙin taki marar wari, ko kuwa a dasa itace a kai.

Haka aka yi wa ta dattijon nan. Dagaci ya aiko, samari suka haƙa masa sabuwa a ƙarshen gida ta gangare, shi da kansa ya ba da buhun siminti guda na gyaran bakin rijiya. Da na koma na taka sauran kewayen, na sami salga biyu ta yamma, ɗaya taku goma sha takwas, ɗaya ashirin da biyu. Na kai wa dagaci maganarsu, ya ce a bari a gama girbi. Aikin rani ne, sai a yi shi tun ƙasa na bushe, kafin ruwan shuka ya sauka.